Gonar dankalin Mama Rifkatu

Ranar kasuwa ce. Baba ya sha kokonsa a tsaye kamar kullum, Inna tana masa mita wai ko ɓarawo yana zama ya ci abinci. Ya ɗaure buhunan wofi a bayan babur, ya tafi ƙauye ɗauko dankali wurin Mama Rifkatu, wadda yake saye a gonarta tun ban yi wayo ba. A garin nan na tsaunukan Filato aka haifi kakana. Duk da haka su Mama Rifkatu ne 'yan ƙasa, mu baƙi. Har safiyar nan maganar ba ta taɓa hana ni barci ba.

Da hantsi muka ji ƙara ta wajen tasha. Na ce taya ce ta fashe. Aka sake, aka kuma sakewa. Sai ƙarar ƙarfe, ana dukan turakun lantarki da dutse daga unguwa zuwa unguwa. Hayaƙi ya turnuƙe ta wajen 'yan katako.

"Ku fita! Ku bar komai!" Maƙwabcinmu ne ta kan katanga.

Inna ta ƙi motsi, ta ce Malam bai dawo ba. Yayana Sani ya fizgi hannunta, ni na goya ƙanwarmu. Muka bi ta bayan firamare, muka faɗa gonar masara. Ganye yana yankar fuskata. Takalmina ɗaya ya maƙale a taɓo, ban waiwaya ba. A bakin rafi na ga mai shayin layinmu kwance rub da ciki. Na tsallake shi.

Azahar ta same mu a ƙofar bariki. "Ku zauna ƙasa! Hannu a ka!" Muka zauna. Duk motar da ta sauke mutane sai Inna ta miƙe ta duba, soja ya daka mata tsawa, ta koma. Da ƙura ta ɗan lafa aka loda mu a tirela zuwa Kano.

Baba bai zo ba. Ba ya asibiti, ba ya cikin waɗanda aka haɗa a kabari ɗaya. Inna ta ƙi zaman makoki, ta ƙi takaba. Duk wanda ya ce mata Allah ya ji ƙan Malam, sai ta ce ya nuna mata inda ya ga gawarsa. Haka muka girma, ba mu san ko mu marayu ba ne.

Shekaru suka ja. Karatu ya kawo ni Kuala Lumpur, korona ta kulle ni a wani ɗaki a unguwar Sri Petaling. Jirgin ƙasa na cikin gari, LRT, yana wucewa babu kowa a ciki. Daga taga sai ƙofa, daga ƙofa sai taga. Ana haka Sani ya kira ni. Ya ce dattawan garinmu, namu da nasu, suna zaman sulhu, kuma tunda an hana taro sun mayar da shi ta waya, kowa na iya shiga.

Ba sulhu ya kai ni ba. Na shiga ne in zazzage musu abin da ke cikina.

La'asar ce a nan, can safiya. Liman da fasto suna zaune nesa da juna, takunkumi a haɓa. Aka yi ta yabon zaman lafiya har raina ya ɓaci. Ina shirin buɗe baki sai wata tsohuwa ta matso da fuskarta jikin waya, har ido ɗaya kawai nake gani.

"Akwai yaran Malam Idi mai dankali a nan?"

Na ce, "Ga ni, Mama. Bilkisu ce."

Mama Rifkatu ce. Ta ce a kan hanyar gonarta aka tare shi. Da yamma ta yi, ita da ɗanta suka ja gawarsa cikin gona. Ta wanke masa fuska, ta lulluɓe shi da zaninta na zuwa coci, suka haƙa rami. Ta yi shiru shekarun nan saboda tsoro biyu: nasu su ce ta ci amana, namu su ce ɗanta ne ya kashe shi. Wurin kuma ba ta sake shuka komai a kai ba.

"'Yata, ban san yadda kuke yi ba," in ji ta. "Na juya fuskarsa inda yake kallo in ya yi salla a gonata. Na yi daidai?"

Duk maganar da na tanada ta gudu. Na ce, "Kin yi daidai, Mama." Liman ya sunkuyar da kai.

Babu jirgi, iyaka a rufe. Sani ne ya tafi. Ɗan Mama Rifkatu ya tare shi a tasha ya raka shi har gonar. Ni a waya na gani: ɗan fili mai ciyawa, dankali kewaye da shi.

A ranar na zama marainiya, ina tsaye ni kaɗai a bakin taga. Babu wanda zan kai wa labarin. Inna ta rasu a Kano farkon kullen nan, kafin zaman. Har aka ɗauke ta ba ta karɓi gaisuwar mijinta daga bakin kowa ba.