Malamin da Ya Tare Ƙofa

Ina zaune a benci ina jiran shugaban makaranta, idona na kan wani malami da nake hangowa ta tagar aji. Gajere ne mai ɗan tumbi, bakin aljihunsa duk garin alli, ƙafar tabaraunsa ɗaya a ɗaure da zare. An kaɗa ƙararrawar hutu tuni, amma ya ja kujera ya tare ƙofa, ya harɗe hannuwa abinsa.

"Ba mai fita sai an shawo kaina," in ji shi. "Ga kalmomin da muka karanta nan a allo: ka yi tunani, tabbas, amfani, saboda."

"Don Allah, Malam!" ajin ya ɗauka baki ɗaya.

"Wannan magiya ce. Dalili nake so."

Wani yaro ya ce yunwa za ta kashe shi. Malam ya ƙare wa kumatunsa kallo, ya ce bai ga alama ba. Yara suka kwashe da dariya. Ina jin a gida ma haka yake, 'ya'yansa ba sa samun ko alewa sai sun kawo hujja.

Can sai wata 'yar ƙarama mai giɓi ta miƙe. "Malam, ka yi tunani. In muka fita, tabbas kai ne da amfani, saboda shayinka na can ofis yana hucewa. Kuma malamin lissafi ya ga inda ka ajiye shi."

Malam ya yi wuf ya janye kujera. Wallahi ya riga yaran fita.