Shirun Maliki a Kwatar Wara

An haifi Maliki a wani ƙauye da yanzu babu mai iya nuna shi da yatsa, domin ruwan Kainji ya rufe shi tun yana ƙarami. Iyayensa suka komo Wara, a nan ya koyi tuƙin jirgi, a nan kuma ya yi furfura. Idan ruwa ya kwanta da hantsi, yakan ce yana hango tsamiyar ƙofar gidansu can ƙasa, da rumbun innarsa, da awaki suna kai da kawowa a hankali. Babu wanda ya taɓa ganin abin da yake faɗa, babu kuma wanda ya ga dalilin ƙaryata shi.

Matuƙan kwatar suna da al'ada. Da damina, ranar kasuwar Yauri, babu mai tayar da inji sai sun tsaya bakin ruwa sun yi shawara: ko a tafi duka, ko a zauna duka. Babbansu ke fara magana. Shekaru suka mai da Maliki babba, kuma da yake hasashensa bai cika saɓawa ba, sai shawarar ta gajarce. Ya faɗa, a ce haka ne, a loda fasinja.

Abin da abokan aikinsa ba su sani ba shi ne yanar ido ta fara rufe masa gani. Ruwa da sararin sama sun zame masa launi guda. Da fatar fuskarsa yake auna iska, kuma ya san wannan awo bai isa a ɗora masa rayukan mata da kayansu ba. Ya kuma san cewa ranar da ya faɗi gaskiya, matsayinsa ya tafi.

A cikin wannan hali 'yarsa Zahra'u ta zo hutu daga jami'a, inda take digirin digirgir a kan yadda taron mutane ke tunani tare, aikin da ya haɗa falsafa da ƙirƙirarriyar basira. Bayan la'asar ya iske ta a tsakar gida da kwamfuta bisa cinya.

"Wai har yanzu karatun bai ƙare ba? Sa'o'inki sun aurar da ɗiya."

"Ya kusa, Baba. 'Yan shawara na ƙirƙira cikin kwamfutar nan. Kowane na ba shi wani yanki na labari, sannan in tara su su yanke hukunci."

"Suna gardama?"

"Da ma suna yi. Idan wanda suka fi yarda da shi ya fara magana, sauran sai su aje abin da suka sani su bi shi. In ya dace, sun dace. In ya kauce, sun kauce gaba ɗaya."

Maliki ya ce, "To mi ne maganinsa?"

"Shi nake nema. Na dai lura idan na sa shi ya yi magana a ƙarshe, sauran sukan fito da abin da ke hannunsu. Ba kullum ba."

Ba ta san da wa take magana ba a haƙiƙa, shi kuma bai gaya mata ba. Amma mai hankali ba ya buƙatar a kira sunansa kafin ya gane kansa. Haɗin baki daban, shawara daban, domin mutum goma da suka ari ido guda ba su wuce mutum ɗaya ba.

Ranar kasuwa ta zo. Matuƙa suka taru, suka juyo gare shi kamar kullum, bayansu ga ruwa. Maliki ya yi shiru.

Jacob, wani matuƙi da suka taso tare, ya ce, "Tsoho, a gida ka baro bakinka?"

"Yau kai za ka fara. Ba don kallon kaskon Mairo mai suyar kifi kaɗai aka ba ka ido ba."

Aka yi dariya, amma Maliki bai ƙara ba. Dole Jacob ya juya ya dubi ruwa, abin da ya daɗe bai yi ba da niyyar yanke hukunci. Ya ce akwai duhu siriri a gabas, bai yarda da shi ba. Zakari, wani matuƙi, ya ce irin wannan duhun wucewa yake yi ta Shanga. Wani ya ce tsuntsaye sun yi ƙasa. Gardama ta yi tsawo, fasinja suka fara guna-guni.

Da aka zo kansa, Maliki ya ce, "Duhun da kuke faɗa ba na ganinsa. Na daɗe ba na gani. Iskar dai tana da danshi. Ku haɗa da naku."

Aka yanke a jira hantsi. Hadarin bai zo ba, yayyafi kawai aka yi, kuma waɗanda suka makara kasuwa ba su yafe da wuri ba. Wannan bai nuna an yi kuskure ba, domin ba a auna ingancin shawara da abin da sama ta ga damar yi daga baya.

Tun daga ranar ba a sake juyowa gare shi da farko ba. Jacob ne ke riƙo hannunsa zuwa kwata, yana yi masa tsiya a hanya. Yakan zauna bisa wani tsohon kwale-kwale da aka kife, muryoyin gardama na tashi a bayansa, fuskarsa ga ruwan da ba ya gani. Ya ce tsamiyar ta fi fitowa sarai yanzu, har yana jin innarsa tana kiran awaki.