Sunan da ke Bayan Nawa

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma iyakar laifin da na yi ke nan. Mahaifina marini ne, karofinsa na bayan kasuwa, shuni ya rine hannuwansa har gwiwar hannu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ya kira sunana ba. "Kai" yake ce mini, wani lokaci "wancan". Haka aka saba, uba ba ya nuna ɗan fari, balle ya ce nasa ne a gaban mutane. Amma kullum in ya dawo sai ya ajiye ƙuli ko guntun rake a kan turmi, ya wuce kamar ba shi ya ajiye ba.

Ina wajen shekara tara Turawa suka ce kowane basarake ya kawo ɗansa ɗaya makarantar boko. Basaraken unguwarmu yana da 'ya'ya maza cike da gida, amma ba ya son a mayar masa da ko ɗaya kafiri. Sai ya turo bafade gidanmu, ya ce ni za a kai a madadin ɗansa.

Mahaifina ya je ƙorafi da ni a bayansa. Basarake ya ce shi ba ya zalunci, a kira malamai su duba. Kwana uku ana zama bayan la'asar, mu muna tsugune wajen takalma. Ana kawo musu tuwon shinkafa da man shanu, su ci, su lashe yatsu, sannan su koma kaina.

Malami na farko, mai dogon gemu, ya ce, "Ɗa amana na ga hannun ubanshi. Shi za a tambaya gobe ƙiyama mi yak karantar da shi, ba sarki ba."

Na biyu, wani gajere mai yawan gyatsa, ya ce, "Allah shi gahwarta malam, riƙo anka ba uba, ba mallaka ba. Shugaba uban iyaye na. In wuta taz zo gari, shi ka zaɓen dangar da za a karya."

Daga nan suka shiga ko yaro ƙarami ilimi yana ɓata shi, ko tawadar boko najasa ce. Sun ji daɗin gardamar nan ƙwarai, har suna yaba wa juna. Kowannensu yana da ɗa sa'ana, ba wanda ya ambaci nasa. Mahaifiyata kuwa ba a ko tuna akwai ta ba. Ita ma kunyar ɗan fari ta hana ta kuka a fili, sai ta zauna a madafi ta ce hayaƙi ne.

Rana ta uku basarake ya yanke. "Gaban Bature, in uban yaro yac ce nashi na, shi tahi da abinshi." Mai dogon gemu ya shafa gemunsa, ya ce an kiyaye haƙƙin uba. Mahaifina har godiya ya yi.

Da safe aka jera mu a filin makaranta. Bature na zaune da babban littafi, tafinta na tsaye. Da aka zo kaina tafinta ya ɗaga murya, "Wanga ɗan wa na?"

Filin cike yake da dattawa, har da sirikin mahaifina da ya zo daga Dundaye. Na waiwaya. Mahaifina ya buɗe baki, ya dubi tsohon, ya sunkuyar da kai yana murza yatsunsa.

"Nawa na," in ji basarake, ko tari bai yi ba.

Aka rubuta sunana, aka rubuta nasa a baya. Sai daga baya na gane yawancin yaran da ke layin nan 'yan fari ne. Masu sarautar sun san abin da suke yi. Kunyar talaka suka auna, suka ga ta fi igiya ƙarfi.

Na yi karatu, na zama malamin ofis. Ranar da labarin aikin nawa ya zo, basaraken nan ya riƙa nuna ni ga baƙi yana cewa ɗansa ne, shi ya hango alherin boko tun da wuri. Gajeren malamin ya kawo mini ɗansa in sama masa aiki. Na yi musu murmushi duka, kuma wannan murmushin nawa ya fi komai ba ni ƙyama.

Takardar gama makaranta na kai wa mahaifina a karofi. Ya goge hannu a riga, ya riƙe ta a juye, na gyara masa. Ya tsallake kalmar farko, don ya san tawa ce, ya ɗora yatsa a kan ta biyu.

"Wanga shi na sunana?"

Na ce, "E, Baba."

Ya daɗe yana kallonta. Takardar tana nan a akwatina, da tabon shuni a kan sunan wani.