Ɗamarar Awaisu Mai Caji

Duk wanda ya saba cin kasuwar Danja ya san rumfar Awaisu mai caji, nan bakin tasha, kusa da masu rake. Allon katako ne cike da soket, da ƙaramin janareta a baya, sai benci. Mutanen ƙauye kan sauko daga mota su miƙa masa wayoyinsu tun kafin su sa ƙafa cikin kasuwa.

Ɗamararsa ce ta yi masa suna. Tun da aka taɓa ɗauke wayar wani dillalin masara daga kan allonsa, ya sa tela ya ɗinka masa jaka mai aljihuna da yawa, yana ɗaura ta a ƙugu ƙarƙashin riga. Ƙananan wayoyi su zauna a allo, manya na Alhazai su shiga ɗamara tare da batirin da ke ba su wuta. Haka yake yini, ƙugu na ɗumi, kira na shigowa a kan cinyarsa. Har ana cewa sai dai ɓarawo ya saci Awaisun ɗungurungum.

A gida kuwa shekaru sun tura da aurensa da Maijidda, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Gwaggo Hansai, ƙanwar mahaifinsa da ta rene shi, ta daɗe da yanke cewa matsalar ta mace ce. Maijidda ta sha jiƙo, ta sha saiwa, ta sha habaici a gidajen suna.

Maijidda ce ta lallaɓa shi suka je asibiti a Funtua ba da sanin kowa ba. Aka duba ta, lafiya lau. Shi kuwa Awaisu, Likita Ganiyu, Bayarabe haifaffen garin, ya ce ƙwayoyin haihuwarsa kaɗan ne, kuma ba su da kuzari. Da ya ji labarin ɗamara sai ya ajiye biro.

"Malam Awaisu, ba zan rantse maka cewa waya ce ba. Masu bincike ma kansu bai haɗu ba. Wasu sun ga alamar illa daga siginar waya idan kullum tana manne da wurin, wasu ba su gani ba. Amma zafi kam ba ya yi wa wurin kyau. Ka cire ɗamarar, ka dawo bayan wata uku mu sake gwaji."

Awaisu ya sa kafinta ya yi masa akwati mai kwaɗo. Ranar kasuwa Alhaji Bature, babban dillalin hatsi, ya miƙo wayarsa, ya ga ana buɗe akwati.

"Kai Awaisu, kaza na kawo maka? A jikinka nake so."

"Alhaji, kwaɗon nan mai ƙarfi ne."

"Kwaɗo ai a kasuwa ake sayar da shi, ɓarawo ma yana da nasa. Me ya sami ɗamarar?"

Wani ɗan kamasho ya cafe daga kan benci. "Alhaji, ƙila uwargida ce ta ce ana gasa mata kaya!"

Tasha ta kwashe da dariya, har da Awaisu, tasa ta yaƙe. Ya san in ya ƙi, kafin la'asar wasan ya zama labari, labarin kuma a bakin masu mota zai kai har Malumfashi. Ya san kuma in Alhazai suka janye, rumfa ta mutu. Ya jawo ɗamarar daga ƙarƙashin benci ya ɗaura.

Yakan ce wa kansa ranar kasuwa kawai. Amma tasha ba ta da ranar hutu, kuma wanda ya ga an sa ta Alhaji ba zai yarda tasa ta shiga akwati ba.

Rannan da hantsi Gwaggo Hansai ta iso rumfar, Maijidda na biye da ita da ƙullin kaya. An ba ta labarin wata mai magani a Mahuta, in ji ta, wadda ke tsugunar da mace a kan hayaƙi har mahaifa ta buɗe.

"Kai yaron nan, samo mana mota. Ni dai ba zan mutu ban ga jininka ba."

Maijidda ta dube shi. Bencin cike yake da masu jiran caji, kowa ya kasa kunne.

"To, Gwaggo. Allah ya sa a dace," in ji Awaisu.

Shi ya raka su, shi ya nema musu wuri kusa da taga. Da Gwaggo ta juya tana gaisawa da direba, Maijidda ta yi ƙasa da murya.

"Malam, wata ukun likitan nan, daga yaushe za mu fara ƙirgawa?"

Nan take motar ta cika. Ya rufe musu ƙofa, ya koma rumfa, inda wani Alhaji ke tsaye da waya a hannu yana jiransa.