Malamar da Ke Zama Ƙarƙashin Ƙarfe

Tun gari bai gama wayewa ba Doamna (wato Uwargida) Veturia Hossu take sauka daga taragon cikin gari, ta riga kowa shiga ɗakin gwaji na sashen injiniyoyi a jami'a. Can take koyar da lissafin ginin ƙarfe tun gashinta yana baƙi: nauyin da azara za ta iya ɗauka, inda ginshiƙi zai lanƙwashe, waldar da za ta ci amanar mai ita.

Traian Olaru, tsohon ɗalibinta da ke gina gadoji a Norway, har yau in ya ji warin walda sai ya tuna da ita. Ba ya manta al'adarta ta ƙarshen shekara. Ɗalibai su zana azarar ƙarfe, su haɗa ta da hannunsu, a ɗora ta bisa ginshiƙai, a yi ta loda mata buhunan yashi. Ita kuwa sai ta jawo kujera ta zauna a ƙarƙashi, tana gutsurar covrig ɗinta, ɗan burodin nan mai siffar zobe, kamar mai jiran mota.

"Doamna, in ta faɗo fa?" in ji Traian ran nasa gwajin, gumi sharkaf.

"Ka ci sifiri, ni kuma in huta da wannan rubutun naka na tsutsa. Ƙara buhu, malalaci!"

Ba ganganci take ba, takan bi lissafin kowa layi-layi tun kafin ranar. So take yaro ya ji a jikinsa cewa mutum ne zai zauna ƙarƙashin abin da ya zana. Ke ce kika koya musu wannan tsoron, Doamna, shi ya sa ake barci lafiya a rumfunan da suka gina.

Bana za ta ajiye aiki, kuma babu magaji. Waɗanda ta horar duk sun watse, wasu Jamus, wasu Ingila. In ba a sami malami ba, za a rufe ɗakin gwajin.

Traian ya zo gwajinta na ƙarshe. Gwiwa ta hana ta sunkuyawa ta shiga ƙarƙashin azarar, sai ya karɓi kujerar ya zauna a madadinta.

"Yaushe jirginka?" ta tambaye shi.

"Jibi, Doamna."

"Ta yi maka kyau, kujerar," ta ce, ta juya tana gyara tabarau don kada yara su ga idonta.

Mun gode, Doamna Veturia, uwar masu ƙarfe. Ku kuma 'ya'yanta da ke can nesa, ta cancanci fiye da furanni da kiran waya. Traian ya hau jirginsa bayan kwana biyun, yana share hawaye. Da kaka sababbin ɗalibai za su iso, kuma har yanzu babu ɗayanku da ya ce zai dawo.