Wa Ke Ɗaure Tsirkiyoyin Shigeo

Nagumo Shigeo ba ya yarda da abu sai ya nuna shi da yatsa. Aiki ne ya mayar da shi haka. Tun yana saurayi yake tuƙin ƙaramin jirgin ƙasa a Hamamatsu, kuma ƙa'idar direba ce ya miƙa hannu cikin farar safa, ya nuna fitilar hanya, ya faɗi launinta da ƙarfi ko da shi kaɗai ne a gaba. Ɗabi'ar ta bi shi har gida. Kafin ya fita sai ya nuna murhun gas, ya nuna taga, ya nuna makulli. Matarsa Terumi ta daɗe da daina dariyar abin.

Abu guda ya mallaka wanda bai yi kama da shi ba: jitar bes ta lantarki, irin mai kaurin muryar nan, mai tsirkiya biyar, wadda wani tsohon masassaƙi, Hoshikawa, ya yi masa da hannu a tsaunukan Nagano. Katakon jikinta ja ne mai duhu, idan ta ɗauki haske sai ka ga kamar ruwa na gudana a ciki. Saboda ita ya bar taba, ya bar gidan caca. Terumi ce ke riƙe da aljihun gida, kamar matan abokan aikinsa duka, kuma ranar da ya kawo maganar, ko gardama ba ta yi ba. Ta ma ce za ta raka shi. Can tsohon ya zana tafin hannun Shigeo a takarda, ya auna yatsunsa, ya ce wuyan jita da ɗan ramin da babban yatsa ke zama, duk a kan hannun mai ita ake sassaƙa su. Da suka fito, Terumi ta koma ciki ɗauko gyalen da ta manta, ta bar shi a mota yana murmushi shi kaɗai.

Bayan doguwar jira jitar ta iso. Wuyanta ya yi masa siriri, babban yatsansa kuma bai taɓa zama daram a ramin ba. Bai gaya wa kowa ba. Ya ɗauka hannunsa ne bai kai matsayin kayan ba tukuna.

Tsohon ya ja masa kunne a kan abu ɗaya: laimar ƙasar nan tana lanƙwasa wuyan jita, don haka duk sanda ya gama kiɗa ya murɗa kunnuwanta ya sassauta tsirkiyoyin. Shigeo bai taɓa fashi ba. Zai sassauta, ya goge, ya jingine ta a ɗakin 'yarsu Mio da ta yi aure a Osaka, ya nuna ta da yatsa, ya ja ƙofa.

A farkon damina ne ya dawo daga aiki da yamma, ya ɗauke ta, ya taɓa tsirkiya ta farko. Ta amsa da cikakkiyar murya. Ya taɓa sauran. Duk a ɗaure suke, a saite kuma, saitin da shi kansa sai da na'ura yake samu.

Ya ce ƙila mantuwa ya yi. Washegari ya sassauta su, ya nuna kowace, ya faɗa da baki. Da yamma ya same su a ɗaure. Maratayin fata ma an rage masa tsawo, an mayar, amma ramin da aka sa ƙugiya ya ɗan buɗe.

Wani yana shiga gidansa yana kaɗa jitarsa. Kuma Terumi tana gida duk rana, in ban da safiyar da take zuwa shagon wanki.

Bai tambaye ta ba. Shigeo ba mai tambaya ba ne, mai dubawa ne. Ya fara duba silifas ɗin da ake ajiye wa baƙi a bakin ƙofa, ya ɗan karkatar da ƙafa ɗaya don ya gane in an sa. Ya duba kofunan shayi. A wajen cin abinci sai ya riƙa kallonta ta saman kwanon miya, yana neman abin da ya canza. Ta yanke farcenta ƙwal. Tana ɗan girgiza kai in tana wanke-wanke, alhali rediyo a kashe. Mace mai shekara hamsin da ɗoriya, me ya sa ta farin ciki haka da rana tsaka?

Zarginsa ya sauka a kan Ebihara, mai shagon gyoza, 'yan ƙullin fulawa masu nama da tafarnuwa, a bayan tasha, shugaban ƙungiyarsu ta dattawa huɗu da ke kiɗa a bikin unguwa da gidajen tsofaffi. Ebihara ke kaɗa jitar gaba, amma ya iya bes. Gajere ne, daidai da maratayin da aka rage. Shagonsa a rufe yake tsakanin abincin rana da na yamma. Kuma makarantar sakandare ɗaya suka yi da Terumi.

Ranar gwaji, Shigeo ya sake makara a shiga amshi.

"Shige, jirginka ya bar tasha, kai kana dandamali!" in ji Ebihara. "Mutumin da bai taɓa makara da fasinja ba, kullum sai ya makara da mu."

Tokunaga mai ganga ya tuntsire da dariya. "Ƙyale shi, yana jiran koriyar fitila ne."

"Miƙo jitar nan in nuna maka," in ji Ebihara.

"Ba a taɓa min ita."

"Oho, sarauniya ce? Kai, wannan jita ta yi auren wahala." Ebihara ya share gumi da tawul ɗin wuyansa. "Ka gaishe min da Teru. Har yanzu tana nan da kunnen nan nata?"

Teru. Shigeo kansa ya manta rabon da ya kira sunanta. "Ke" yake cewa, ko "Maman Mio". Ya ce, "Wane kunne?"

Ebihara ya dube shi, ya dubi Tokunaga, ya ce, "A'a, ba komai. Mu koma daga farko."

Da ya isa gida sai da ya kai tsirkiyoyin hanci, yana neman warin tafarnuwa. Ƙamshin man hannun Terumi ya ji, mai lemon tsami. Ya ce a ransa: wato har goge sawunsa take yi.

Abin ya fara bin sa gaban jirgi. Yana nuna fitila, bakinsa na faɗin launi, zuciyarsa na gida. Rannan ya wuce alamar tsayawa da ɗan taku, abin da bai taɓa yi ba, sai da ya ba fasinja haƙuri ta lasifika. Washegari ya karɓi abincin ranarsa a ƙulle cikin ƙyalle, ya yi sallama kamar kullum, ya je ya ce wa shugabansa cikinsa na ciwo.

Ya zauna a wurin shaƙatawa ƙarƙashin lema har lokacin abincin rana ya wuce. Sannan ya koma gida, ya hau benensu a hankali.

Tun a matakala ya ji ta. Ba a kunne ba, a tafin ƙafa da ƙirji. Waƙar da suke gwadawa ce, amma inda shi yake taka ta kamar mai ɗauke da buhu, wannan mai kiɗan yana yawo a cikinta, ya ja baya, ya dawo daidai kan gaɓa. Bai taɓa sanin jitarsa na da wannan murya ba. Haushi ya kama shi iri biyu, bai san wanne ya fi ba.

Ya buɗe ƙofa. Ya dubi ƙasa. Takalmin Terumi kaɗai. Silifas ɗin baƙi na nan a karkace yadda ya bar su. Ya ce a ransa: munafuki, da takalminsa ya shiga a hannu.

Ya ja ƙofar ɗakin Mio da ƙarfi.

Terumi ce tsaye, ita kaɗai, da rigar girki a jikinta, jitar a rataye can sama kusa da ƙirji. Ba ta firgita ba. Sai da ta kai ƙarshen layin, sannan ta dafe tsirkiyoyin.

"Baban Mio, ka yi saurin dawowa."

Ya leƙa bayan ƙofa. Ya zuge ma'ajin katifu. Ta bi shi da ido.

"Wa kake nema?"

"Ebihara."

Ta yi wata gajeriyar dariya marar daɗi. "Ebihara! Wanda muka kora daga ƙungiyarmu a makaranta don ba ya iya riƙe gaɓa?"

"Ƙungiyarku?"

"Mu huɗu, 'yan mata, da shi na ɗan lokaci. Hoton yana cikin kabad tun ranar da na tare."

"Ba ki taɓa faɗa min ba."

"Ka taɓa tambaya?"

Ya tsaya da ƙullin abincinsa a hannu. Shi dai ya shirya wa wani faɗa daban, ya ma tsara kalmominsa a ƙarƙashin lema. Ya ce, "Ai da kin sassauta tsirkiyoyin, da ban sani ba."

"Na fi shekara ina sassautawa. Ina wurin lokacin da tsohon ya yi bayani." Ta gyara maratayin a kafaɗa. "Da gangan na daina. Na ce bari in ga wa zai fara zuwa ranka. Ashe ya fi maka sauƙi ka ce ina kawo namiji da ka ce na iya."

Sai ya yi abin da ya iya, ya duba. Hannunta na hagu ya zagaye wuyan jitar ba gyara. Babban yatsanta na dama yana zaune cikin ramin nan kamar an zuba shi a ciki. Ya tuna Nagano, da mota, da yadda ta daɗe.

"Ranar da kika koma wajen Hoshikawa," ya ce a hankali. "Me kika yi a ciki?"

"Gyalena na manta."

"Gyale kawai?"

"Ka ci abincinka kafin ya lalace, Baban Mio."

Har yau Shigeo yana tuƙin jirginsa, kuma shi ke tsayawa da jitar a bikin unguwa, yana makara a amshi, Ebihara na zaginsa. Ya daina karkatar da silifas. Ya sayi maratayi na biyu, gajere, ya rataye a ƙusa, ita kuwa ba ta gode ba. Lambar Hoshikawa tana cikin wayarsa, tambaya ɗaya ce za ta raba gardama, wato a kan hannun wa aka sassaƙa jitar, amma bai kira ba. Da safe yana nuna murhu, ya nuna taga, ya nuna makulli. Idan ya zo ƙofar ɗakin Mio sai hannun ya ɗago rabi, ya tsaya, ya koma aljihu.