Ɗaurin da Malam Ya Bari a Wuyan Zaki

Ban taɓa ganin zaki da idona ba, har yau. Amma akwai wani zaki da na san inda yake kwana da inda yake shan ruwa fiye da yadda na san titunan unguwar da na zauna a Lyon.

Maigidana ne ya sa na san shi. Malam nake ce masa. Ya zo Faransa karatun dokta a jami'ar da ke Villeurbanne, gefen Lyon, a kan zakunan gandun dajin da ke kudu da Yamai, can inda iyakar Nijar ta haɗu da ta Benin da ta Burkina. Ni daga baya na biyo shi daga Maraɗi. Lakkol ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba, faransancina na kasuwa ne da na gaban likita. Mun zauna a Minguettes, can sama a wani dogon bene. Allah bai ba mu haihuwa ba, don haka gidan mu biyu ne sai hirar zakuna.

Da rani yakan tafi dajin ya yi wasu watanni. Sauran shekara daga ɗakinmu yake bin su. Akwai wani ɗauri na fata mai kauri, da ƴar na'ura a jikinsa, su suna ce masa kolye. Sai an harbi zaki da allurar barci sannan a ɗaura masa a wuya. Na'urar ce take aiko da inda dabbar take, ya fito kamar ɗigo a kan taswira cikin ordinater, wato kwamfuta. Kullum bayan sallar asuba ina dafa shayi, shi yana buɗe taswirar, ya ce in zo in ga inda mutanensa suka kwana.

A haka na koya. A wurin zakuna gida na mata ne, in ji shi: uwa da ɗiyanta mata da ƴan uwanta suna zama inda aka haife su har mutuwa. Maza kuwa da sun tasa ake korarsu. Sai ɗan uwa ya kama ɗan uwa su shiga yawo, har ranar da suka yi ƙarfin korar wasu mazan su karɓi garken da ƙasarsa. Namiji ɗaya ba ya iya riƙe ƙasa. Sai su biyu ko uku, suna zagaya iyaka, suna fitsari a kan ƙananan itatuwa, suna ruri don baƙo ya ji akwai masu wuri. Waɗanda ya fi damuwa da su wasu ƴan uwa biyu ne da suka riƙe bakin wani kogi. Babba da Ƙarami yake ce musu.

Malam yana da wa a Paris, shi ya riƙe shi tun yana yaro. Yaya yana aikin ɗaukar kwalayen tufafi da takalma a manyan rumbunan Aubervilliers. In ya kira waya, bayan gaisuwa sai ya tambayi lafiyar ƴan uwanmu na daji. Yakan ce ƴaƴan mutane sun zo Faransa sun zama likitoci, nasa ƙanen ya zo kiwon kyanwa. Malam ya yi dariya ya ce ai kyanwowin sun fi su zumunci, inuwa ɗaya suke kwana, su kuwa sai Sallah suke ganin juna.

Zuwan Malam na ƙarshe dajin, ya dawo ba ya cikin natsuwa. Bai faɗa mini ba sai da na matsa. Ya ce Babba suka yi niyyar ɗaura wa kolye, amma Ƙarami ne ya riga zuwa wurin naman da suka ajiye, shi allurar ta samu. Maganin barcin ba ya daɗewa, suka duba shi cikin sauri suka ɗauka ya gama girma. Ya zura tafin hannunsa tsakanin wuyan rigarsa da wuyansa ya nuna mini: ƙa'idar aikin ke nan, hannu ya shiga ya fita ba wahala. Ya ce haka ya yi, hannun ya shiga. Sai da ya dawo Lyon ya buɗe hotuna ya ƙara musu girma, ya ga hancin zakin da sauran ja, bai yi baƙi irin na manya ba, haƙoransa kuma fari tas. Yaro ne. Wuyansa bai gama kauri ba. Kolyen kuma tsohon samfuri ne, ba ya buɗewa da kansa, sai an kwance. Ga damina ta sauka, hanyoyin dajin sun rufe.

Na ce ya faɗa wa malamarsa, Baturiyar da ke duba aikinsa a labo, ɗakin bincikensu. Ya ce zai faɗa, amma yana so ya je da maganar tare da ranar tafiyarsa, da hanya ta bushe.

“Ni na ɗaura,” ya ce. “Ni za a tambaya.”

Bai kai bushewar hanya ba. Wata safiya ya faɗi a tashar tiram, jirgin cikin gari, zuciya ce. Ba zan yi dogon bayani a kan wannan ba.

A Lyon aka rufe shi, a ɓangaren Musulmi. Da maza suka dawo, Yaya ya zauna a bakin ƙofar falo, bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba, kamar yadda muka saba. Ya ce in kwantar da hankalina, kafin a yi masa salla liman ya tambaya ko akwai mai haƙƙi a kan mamacin, ya maimaita, ba wanda ya yi magana. Ya ce ƙanensa ya tafi da sauƙin kaya.

Na ce, “Yaya, akwai mai haƙƙi. Ba ya magana ne kawai.”

Ya ɗauka zafin rashi ne. Ya ce in yi ta addu'a, ya tashi.

Bayan sadakar bakwai mutane suka watse, na shiga takaba ni kaɗai, sai matan benen da ke leƙo ni da abinci. Wata asuba na tarar na dafa shayi na mutum biyu. Na zauna a kujerarsa, na buɗe ordinater yadda na sha ganin yana yi. Ɗigon yana nan a bakin kogi. Ya yi tafiya cikin dare, ya sha ruwa, ya kwanta. Duk kwanakin nan yana ta aiko da labarinsa ba wanda ya duba.

Na kira Yaya na faɗa masa komai, da hancin, da hannun, da abin da Malam ya ce. Ya ce zai tambaya. Ya je wurin limamin masallacinsu, yana jin nauyin tambayar, yana tsoron a yi masa dariya. Liman bai yi dariya ba. Ya ce masa dabba ma tana da haƙƙi, wanda ya ɗaure ta shi ne da alhakin kwancewa, in ya rasu kuma danginsa su sauke masa.

Ni ba ni da damar fita. Yaya ya ɗauki ranar hutunsa, ya sa rigar da yake zuwa Juma'a da ita, ya hau jirgin ƙasa zuwa Lyon. Ya dawo mini da yamma yana mita, wai gine-ginen jami'ar duk iri ɗaya ne, ya yi ta zagaye kamar mai neman akuya. Amma ya samu Madam, Baturiyar malamar tasa. Ba ta san da maganar ba. Ta buɗe hotunan a gabansa, ta daɗe tana duban hancin, sannan ta cire tabarau ta goge ido. Ta ce akwai likitan dabbobi da zai je ɓangaren Benin da sanyi, za ta roƙe shi ya ƙetaro na ƴan kwanaki. Amma daji ba ƙarami ba ne, sai an san inda zakin yake kullum, kuma sai wani a can yana bin sawunsa. Akwai wani dattijo, ma'aikacin gandun, wanda suka daɗe suna bin sawu da Malam. Hausa yake ji sosai. Yaya ya ce mata to a bar ordinater wurin amarya, wato ni, ita ta san aikin.

Ta amince. Ta kuma aiko da wata magana: in an kwance, ba za a ɗaura sabo ba, domin ba a sa wa dabba kolye sai akwai mai ci gaba da aikin, kuma babu. Na ce to. Sai bayan Yaya ya tafi na gane abin da na ce wa to: in ba kolye, ba sauran ɗigon da zan duba.

Baba nake ce wa dattijon. Waya ba ta kamawa a sansaninsu sai ya hau wani tudu. Ranar farko ta'aziyya ce kawai, ya yi ta har katinsa ya ƙare. Daga nan muka gajarta gaisuwa. Ina karanta masa sunan tafki ko na rafi mafi kusa da ɗigon, gabas ko yamma, shi kuma in hanya ta yarda ya hau babur ya je ya duba. Kolye ɗaya ne amma zakuna biyu muke bi, tunda ba sa rabuwa. Baba yana gane su a ƙasa: Babba yana da karkataccen yatsa a ƙafar baya, Ƙarami kuma takunsa ya fi faɗi, ko da yake shi ne ƙane. Wannan faɗin takun bai yi mini daɗin ji ba. Na san mai irin ƙafar nan wuyansa ba zai tsaya ba.

Da ciyawa ta fara bushewa ya hango su sau ɗaya, daga nesa. Ya ce gashin wuyan Ƙarami ya zube a ƙarƙashin ɗaurin, yana yawan girgiza kai, kuma ya ga in yana ci sai ya miƙe wuya kafin ya haɗiye. Ya ce kada in damu, har yanzu yana ruri. Na san don ni ya ƙara wannan.

Sai wasu maza uku suka shigo daga ɓangaren Burkina. Ni a taswira na fara gani: ɗigon da ya saba zagaya bakin kogi ya miƙe kudu, tafiyar da bai taɓa yi ba, ya ƙetare ruwa ya shiga Benin. Baba ya je ya tarar da sawun baƙin a mashayar, da jini kaɗan a ciyawa. An kore su. Inda suka je kuma babur ɗinsa ba ya zuwa, ba hurumin aikinsa ba ne. Na kira Yaya na faɗa masa. Ya saurara, sannan ya ce:

“Amarya, wannan ɗan naki ya fi ni gata. Ƙasa uku yake yawo ba mai tambayarsa takardu. Ni da na tsufa a layin neman takardu a perefektir fa?”

Na yi dariya, karo na farko tun rasuwar. Na rufe baki da mayafi ko da yake ba mai ganina.

Sun dawo da kansu, ba bakin kogin ba, wani ƙaramin tafki a gefen ƙasarsu ta da. Nan likitan ya same su. Gwajin farko bai yi ba, Ƙarami ya ƙi kusantar naman. Washegari da asuba ɗigon yana nan wurin tafkin. Ban saba buɗe taswirar da rana ba, amma ranar bayan azahar na buɗe. Na ga ɗige-ɗige a jere, miƙe sak a kan hanyar mota, har cikin sansani. Zaki ba ya tafiya a miƙe haka. Na zauna ina duban layin har wayar ta yi ƙara.

Baba ne, yana haki saboda hawan tudu. Ya ce an kwance. Akwai ciwo a ƙarƙashi, amma bai yi zurfi ba, an wanke an sa magani. Ya ce kafin a yanke ya gwada zura hannu yadda Malam yake yi.

“Bai shiga ba, ɗiyata. Yatsa ma da ƙyar.”

Na tambaye shi Babba fa. Ya ce Babba bai tafi ba. Ya kwanta gindin wata bishiya yana kallonsu tun daga farko har ƙarshe, sai da suka gitta mota tsakani suka yi aikin. Da Ƙarami ya farka, ya taka yana layi har wurinsa, suka goga kai, suka shige ciyawa.

Kwanaki kaɗan bayan nan ɗigon ya bi kwalta zuwa Yamai, ya tsaya a wani ofis, daga baya aka kashe na'urar. Takabata ta ƙare a cikin makon. Yaya ya zo ya ɗauki ordinater ya mayar wa Madam, daga can ya wuce maƙabarta. Da ya dawo na tambaye shi ko ya yi wa Malam addu'a. Ya ce ya yi. Ya ɗan juya hularsa a hannu, ya ce ya kuma faɗa masa an kwance kyanwar tasa, ya kwanta lafiya.

Baba ya kira ni sau ɗaya bayan haka, kafin damina ta sake rufe hanya. Ya ga sawu biyu a laka kusa da ƙaramin tafkin, ɗaya mai karkataccen yatsa, ɗaya mai faɗi, sun nufi kogi. Tun daga nan ban san inda suke ba. Har yanzu bayan asuba nakan dafa shayi in tsaya a taga, in ga tiram na farko ya wuce.